Sakatar Ɗakin Shirgi

Akwai wani mutum a cikin birnin Zazzau, can wajen Ƙofar Gayan, sunansa Abdulwahab. Amma in ka je unguwar kana neman Abdulwahab za ka daɗe kana yawo. Bahago kowa ke ce masa.

Bahago ya gaji gidan ƙasa daga kakanninsa, irin gidan da yanzu sai ka zaga unguwa guda ba ka ga ɗaya a tsaye ba. Zauren akwai zane a goshinsa, ga zankwaye a sama kamar kunnuwan zomo. Amma ainihin abin kallon yana can ciki, wato soron da mahaifiyarsa, Iya Sailuba, take kwana. An lanƙwasa azara daga bango huɗu ta haɗu a tsakiyar rufin, an kafe wata tsohuwar tasa a mahaɗar. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji kamar an tsoma ka a randa.

Wata rana wasu ɗalibai daga harabar jami'a ta Kongo, nan cikin Zazzau, suka zo suka ɗauki hoton gidan, suka ɗora a intanet. Ba a daɗe ba baƙi suka fara sallama. Na Kaduna, na Abuja, jefi-jefi har da bature mai jan wuya da gorar ruwa.

Shagon kayan keke da Bahago yake da shi a kasuwa dama ya daɗe yana hamma. Ya rufe shi, ya zama mai nuna kayan tarihi.

Sai kun gan shi a ƙofar zaure. Zai gyara murya, ya ɗaga hannun hagu sama:

"Walkam, walkam. Wannan gida da kuke gani orijinal ne. Ko ƙusa ɗaya ta bature babu a jikinsa."

Ranar Litinin shekarun gidan ɗari biyu ne. In aka kai Asabar, musamman in akwai bature a tawagar, sun kai ɗari biyar.

Matsalar ita ce baƙin ba sa son tsayawa a zaure. Soron suke so. A gidan Bahaushe kuwa namiji baƙo iyakarsa zaure, ba ya ratsawa cikin mata. Bahago ya zauna ya yi tunani, ya samo dabara.

A ƙuryar tsakar gida akwai wani ɗan ɗakin shirgi mai rufin kwano, tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba, ita ma lungu take kallo. Nan yake tura duk abin da zai tona cewa ana rayuwar zamani a gidan: firji, fanka, talabijin, bokitan roba. Sai ya ce ai matan gida ma za su iya ɗan shiga nan kafin baƙi su gama.

Matarsa Tayyiba ta shiga ɗakin na ɗan lokaci, sai haihuwa ta cece ta. Ta tafi gidansu wankan jego. Yaro har ya fara rarrafe, ita ba ta gama wankan ba.

Ya rage Iya da ƙanwarsa Zakiyya.

Da an yi sallama, Bahago zai leƙo yana tafa hannu.

"A shiga, a shiga. Ku yi haƙuri, yanzu-yanzu za su tafi."

Wata rana zafi ya ishi Iya, ta ɗan tura ƙofar don ta sha iska. Wani baƙo ya ɗauke ta hoto, washegari ga fuskarta a intanet. Ran Bahago ya ɓaci ƙwarai. Ya je kasuwa ya sayo sakata mai ƙarfi, ya kafa a ƙofar ɗakin. Ta waje.

"Don mutuncinku nake yi," in ji shi.

Iya ba ta ce komai ba. Dama ba ta ce masa komai. Bahago ɗan farinta ne, kuma Iya ta mutanen da ce, tana kunyarsa. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Ko tuwo ta ajiye masa, sai dai ta ce, "Zakiyya, ki ce wa wancan ga abincinsa." Shi kuwa duk shirun da ta yi, yarda yake ɗaukarsa.

Ran nan Zakiyya ta same shi a zaure yana goge hotunan da ya rataya.

"Yaya, Iya ta ce in gaya maka. Ranar Asabar bayan La'asar Kawu Ƙasimu zai zo da mota ya tafi da ita ƙauye."

"To madalla. Ta je ta huta kwana biyu."

"Ba hutu ta ce ba."

"Ke dai tsofaffi sai haƙuri. Ina za ta je ta bar soronta?"

"Soron da take hangowa ta ramin ƙofa?"

"Zakiyya, ina da aiki."

Da safiyar Asabar wata malamar jami'a daga Kongo, Hajiya Fa'iza, ta kira shi. Ta ce za ta kawo malaman Islamiyya mata daga Kaduna, mota guda, yawancinsu masu niƙabi. Suna so su shiga ciki su sake, su sha iska. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada a sami namiji a cikin gidan.

"Hajiya, wallahi ko zakara sai na kora shi waje," in ji Bahago.

Ya tsara komai. Zai tarbe su a zaure ya yi musu jawabi, Zakiyya ta shiga da su. Ya ja mata kunne: nuni kawai za ta yi, ban da surutu. Yau tunda mata ne, Iya za ta iya zama a soronta.

Rana ta take. Bahago ya shanye kofin silba guda na zoɓo mai sanyi, ya ƙara rabi, ya bar wayarsa tana caji a zaure. Ya shiga ɗakin shirgi don ya sa babbar rigar kakansa, wata tsohuwar saƙi mai aska takwas wadda nauyinta ya kai na ɗan akuya. A akwati take a can ciki.

Kansa na cikin rigar yana laluben wuya, sai ya ji sallama. Ba a zaure ba. A tsakar gida.

Motar ta iso da wuri, rana kuma ba ta bar mutum ya tsaya a waje ba, Zakiyya ta shigo da su.

"Alhamdulillahi," in ji wata murya. "Bari mu cire kayan nan mu sha iska, tunda ba maza."

Bahago ya sandare.

Sai ya ji wata ƙara da ya sani sarai, sai dai bai taɓa jin ta daga wannan ɓangaren ba. Sakata.

"Yaya," Zakiyya ta raɗa ta jikin ƙofa, "sun cire mayafi. Ka kuma rantse musu."

"Buɗe min."

"In buɗe ka fito daga ɗakin ɓoye a gabansu? Me kake so a je a faɗa a Kaduna?"

"Zakiyya, ki ji tsoron Allah."

Ta gyara murya ta koma irin tasa sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana.

"Ku yi haƙuri, yanzu-yanzu za su tafi. Don mutuncinku nake yi."

Ya ji takunta ta yi gaba.

Da farko haushi ne ya cika shi. Ya fara tsara irin abin da zai yi wa yarinyar nan. Amma haushi yana son wuri, ɗakin kuwa ba wuri. Firji a dama, talabijin a hagu, kwano a bisa kai yana zubo zafi kamar an kifa masa kasko. Ya ɗaga hannu zai tuɓe rigar, gwiwar hannunsa ta bugi bokitan roba, suka zubo.

"Mene ne wancan?" in ji wata baƙuwa.

"Ɓera ne, Malama," in ji Zakiyya. "Wani ƙato. Ya daɗe yana damunmu a gidan nan."

Daga nan Bahago bai sake motsi ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da wata jaka, gwiwoyinsa a haɓa, rigar kakansa tana shan gumi.

"Ina mai gidan da muke gani a bidiyo?" wata ta tambaya.

"Wani uzuri ya riƙe shi. Amma ba ku yi asara ba, ga shi nan." Sai muryar ta canza. "Walkam, walkam. Wannan gida orijinal ne. Shekararsa ɗari biyar. In kun ƙara zama kaɗan zai kai ɗari shida."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Bahago ya cije leɓe. Abin da ya fi ba shi haushi, ko shi da kansa da ya ji daga nesa zai rantse shi ne.

"Ke, bar shirme," in ji Iya. "Ku shigo daga ciki, 'ya'yana, rana ta yi yawa."

Sai Iya ta fara magana.

Ta ce kakan mijinta ne ya sa aka gina soron, shekarar da ya dawo daga fatauci. Ta ce tasar da ke rufin ta uwargidansa ce, ita ta ba magina da hannunta. Ta ba su labarin yadda matan unguwa suke taruwa yin daɓe, a jiƙa makuba, a jera a durƙushe ana bugun ƙasa ana waƙa har ta yi sheƙi. Suka roƙe ta ta yi musu waƙar. Ta ce ta manta. Sai kuma ta yi. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma matan suka kama amshi, Iya ta tuntsire da dariya.

Bahago ya kasa kunne. A gidan nan aka haife shi, ga furfura ta fara leƙo masa, amma bai taɓa jin mahaifiyarsa ta yi magana mai tsawon haka ba. Labarin tasar ma bai sani ba. Shi ce wa baƙi yake yi daga Masar aka kawo ta.

Aka kira Azahar. Matan suka fito alwala. Ruwa ya riƙa zuba daga butoci, shaaa, a bakin rariya.

A nan zoɓo ya tuna da Bahago.

Ya matse. Ya karanta abin da ya sawwaƙa. Ya sake matsewa. Ruwa bai daina zuba a waje ba. Ya fara lalube a duhu, shi kansa bai san me yake nema ba. A bayan firji hannunsa ya taɓa wani abu an rufe da tsohon zane. Ya janye zanen. Fo ne na roba mai murfi, irin na yara, an wanke shi tas. Ga 'yar buta a gefe da ruwa kaɗan.

Babu yaro a gidan.

Iya tana da ciwon suga. Shi yake sayo mata magani duk wata. Ya san ba ta iya daɗewa ba ta zaga ba. Ya sani, amma bai taɓa haɗa wannan da sakatar ba.

Abin da ya gudana tsakanin Bahago da wannan fo, mu bar shi a ɗakin.

Ruwan butar bai kai na alwala ba. Ya juya ga bangon ƙasa zai yi taimama. Bangon duk kaushi ne, sai wuri ɗaya, can ƙasa-ƙasa, inda tafinsa ya sauka a kan santsi. Ya shafa. Wurin ya lotsa kaɗan, daidai tafi biyu, ƙanana, ba su kai nasa ba. Daidai inda hannun mai zaune zai kai.

Ya daɗe da hannuwansa a wurin.

Ya yi sallar a zaune, don babu inda goshi zai sauka. Da ya sallame ya koma ya jingina, sai ya lura da jakar da ke bayansa tun ɗazu. Jakar bakko ce, zif ɗinta ya lalace, an ɗaure ta da igiya. Ɗan hasken taga ya sauka a bakinta. Zannuwan Iya ne a ciki, da carbinta na ajiya, da kwalbar man zafi. A sama kuma wani farin yadi a naɗe cikin leda.

Ya san yadin. Kowa a gidan ya san shi. Likkafaninta ne, wanda ta ba Kawu Ƙasimu ya wanko mata da ruwan Zamzam shekarar da ya sauke farali. Kullum yana can a kan kantar ajiya a soro, ba mai taɓawa.

Mai zuwa hutun kwana biyu ba ta ɗaukar wannan.

Bahago ya miƙe zai bugi ƙofa. Hannunsa ya tsaya a iska. In ya buga, ya tozarta matan da suka amince da rantsuwarsa. In bai buga ba, La'asar tana tafe, motar Kawu tana tafe. Ya koma ya zauna da yadin a cinya. Bai iya komai ba sai jira, kamar yadda ake jira a ɗakin.

A waje an dama fura, ana ta santi. Sai ya ji muryar Hajiya Fa'iza.

"Iya, to in baƙi maza suka zo fa? Ina kuke zama?"

"Ai Hajiya, in gaya miki..." Zakiyya ta fara.

"Akwai ɗakin da aka ware mana," Iya ta katse ta. "Yana ƙoƙari, yaron. Maƙwabta duk sun rushe nasu sun yi na bulo. Shi ya tsaya wa gidan nan. Ku ƙara furar mana."

Ba ta san yana ji ba. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya sa hannun rigar kakansa ya toshe bakinsa, don kada a ji ɓera yana kuka.

Aka kira La'asar. Baƙi suka yi salla, suka mayar da mayafansu, aka yi ta godiya da addu'a har zaure. Gida ya yi tsit. Can sai ƙarar mota a bakin lungu, sai sallamar Kawu Ƙasimu daga zaure.

"Zakiyya, ɗauko min jakata."

"Iya, jakar nan akwai mai gadinta. Gara ki zo da kanki."

Sakata ta yi ƙara. Haske ya shigo.

Iya ta ga ɗanta a ƙasa, jiƙe sharkaf, idanu ja, likkafaninta a hannunsa. Ba shi ta fara kallo ba. Bayan firji ta kalla, inda zanen ya zame. Sai ta kau da kai, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

Bahago ya fito da rarrafe, don ƙafafunsa sun yi tsami. Ya durƙusa a gabanta.

"Iya, ban sani ba."

Iya ta dubi Zakiyya. "Ki ce masa bai tambaya ba."

"Ki yafe min. Kada ki tafi. Daga yau na rufe gidan, ba mai sake shigowa."

"Ki ce masa ni ban ce a rufe ba. Yau na ji daɗin baƙi. Sun gaishe ni, sun zauna, sun sha furata. Abin da na gaji da shi, a riƙa kwashe ni tare da bokitai."

Zakiyya ta buɗe baki za ta maimaita, har ta fara gyara murya irin ta Iya.

"Ke kuma rufe min baki, ya ji. Kin bar bayin Allah sun cire mayafi da namiji a gida. Da ke da shi, duk sai kun kira matar nan kun ba ta haƙuri."

"Iya, ai ba abin da ya gani. Ɗakin nan ba a ganin komai daga ciki. Mu ne shaida."

Ba wanda ya yi dariya. Daga zaure Kawu ya sake sallama, ya ce yamma tana yi, hanya ba kyau.

Iya ta juya. Ta dubi soron, ta dubi jakar. Bahago bai ɗago ba, yana kallon ƙafafunta, yana jiran ya ga inda za su nufa.

"Ki ce wa Ƙasimu ya shigo ya ci abinci," in ji ta a ƙarshe. "In ya koma ya gaida mutanen gida."

"Jakar fa, Iya?"

"A mayar min soro. Yadin nan a ɗora inda yake." Ta nuna ƙofar ɗakin shirgi da haɓa. "Wannan ƙarfen kuma, ki ce masa ya ciro shi ya kafa a ƙofar da ta raba zaure da cikin gida. Ta ciki. Ni zan riƙa buɗewa."

Kafin Magariba Bahago ya kafa ta, da hannunsa na hagu, ko rigar bai tsaya tuɓewa ba.

Har gobe baƙi suna zuwa gidan. Maza iyakarsu zaure, inda Bahago yake musu bayani, shekarun gidan kuma sun daina ƙaruwa. Mata suna ƙwanƙwasawa, in Iya ta ga dama ta buɗe, in tana barci a jira ta. Firjin ya koma soro yana gurnaninsa a ƙarƙashin tsohuwar tasa, ba a kuma sami baƙuwar da ta ce ya ɓata mata tarihi ba. Tayyiba ma a satin nan ta gama wankan jego.

Da aka zo yaɓen gida kafin damina, Bahago ya sa aka shafe ko'ina, ban da wuri ɗaya a bangon ɗakin shirgi, can ƙasa-ƙasa. Wannan wurin ba ya nuna wa kowa. Shi kaɗai yake shiga ya duba.

Darasi: Gidan tarihi da ganuwa da kayan kakanni abin alfahari ne, kuma halal ne a ci abinci da su. Amma mutanen da ke raye a ciki sun fi ginin daraja, in ka ture su don baƙo ya ji daɗi, ka rushe gidan ko da bangonsa na tsaye. Kuma shirun iyaye ba kullum yarda ba ne, sau da yawa kunya ce da kara. Ka tambaya tun kafin a ɗaure jaka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai sakata a hannu da yake bukatar karantawa.